Sai Kaka, In Allah Ya Kai Mu

A ƙasar Ikara, Maƙarfi da Kudan, duk bashi ranar biyansa ɗaya ce: sai kaka. Mai taki ya ba ka buhu biyu, sai kaka. Mai shago ya rubuta maka sukari da sabulu, sai kaka.

Kaka ta zo, kowa ya fito da masara rana guda, farashi ya faɗi warwas. Sai a ɗage alkawari zuwa tumatirin rani. A 2016 tsutsa ta cinye tumatir har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci. Akwai waɗanda har gobe da wannan tsutsar suke ba da haƙuri. Idan uzuri ya ƙare, sai a koma kan rake. Ka dafa mazarƙwaila ka kai kasuwar Maƙarfi, ashe masu binka ma sun san ranar kasuwa. Kafin ka gama ƙirga kuɗin, sun jeru suna tambayarka lafiyar iyali.

Wani maƙwabcina ya ce abin ya isa haka. Ya tara iyali, ya soke shayin dare da ankon biki, ya fito da sabon littafi mai bango ja, ya ce daga yau ko ashana aka saya sai an rubuta.

Uwargida, wadda adashinta da awakinta ke riƙe da gidan tun bara, ta jujjuya littafin.

"Maigida, nawa ka sayo shi?"

"Ban biya ba tukuna. Mai shago ya rubuta."