'Yan Bandin Firamare: Kowa da Kiɗansa

Ganga uku, usur ɗaya, da faranti biyu na ƙarfe da yara ke kira murfin tukunya. Kusan iyakar kayan bandin firamaren ƙauye ke nan, ko a Kutemeshi ko a Kuyello ko a Dogon Dawa, duk a yankin Birnin Gwari. Amma da 27 ga Mayu ta ƙarato, wato Ranar Yara, sai ka rantse sojojin Jaji ne ke atisaye a gindin darbejiya.

Mai babbar ganga ba don kunne aka zaɓe shi ba, don ƙirji ne. Shi ne wanda gemu ya fara leƙo masa tun yana aji biyar. Gangar ta tare masa gaba ɗungurungum, shi ya sa kowa ya yi kwana shi ya miƙe, sai an bi shi an juyo da shi daga bakin gonar mutane.

Sai ɗan gado, wanda ya fi kowa iyawa kuma ya fi kowa ba malami ciwon kai. A gidan makaɗa aka yanke masa cibiya, kalangu ya fara runguma kafin allo. Zai soma kiɗan maci tsaf, hagu dama, hagu dama, fuska a murtuke. Kafin a kai gaban manyan baƙi hannu ya tuna gida. Ya ɗan ƙara gishiri nan, ya lanƙwasa can, sai ka ji abin ya koma kamar ana jiran Shata ya ɗauko waƙa. 'Yan matan layin baya su fara rausaya, wani dattijo cikin 'yan kallo ya soma laluben aljihu zai yi liƙi. Malamin wasanni ya zaro ido: "Kai yaro, fareti muke ko biki?" Ya ce, "Wallahi Malam, hannuna ne." Ni dai ban taɓa ganin laifinsa ba.

Mai sanda ba ya kaɗa komai, amma inifom ɗinsa ne kaɗai ya ga dutsen guga. Ya cilla sanda sama, idan ya cafe gwani ne, idan ta faɗi iska ce. Kada ku tambaye ni yadda ake yi sau da yawa ya zama ɗan hedimasta.

Mai murfin tukunya kuwa bugu ɗaya ake nema gare shi, a ƙarshe. Wata guda yana haddace wurin. Ranar taro sai ya hango innarsa tana ɗago masa hannu. Kiɗa ya tsaya, fili ya yi tsit, shugaban taro ya buɗe baki zai yi sallama, sannan kake jin "ƙwaram!"

Masu rera taken ƙasa su ma kashi biyu ne tun Mayun 2024, da Shugaba Tinubu ya sa hannu aka dawo da na 1960 aka jingine na 1978. Akwai mai motsa leɓe kawai, kamar akuya na tuƙa. Akwai kuma mai gaskiya, wanda ya buɗe maƙogwaro iya ƙarfinsa yana zuba wanda aka soke, yana harara wai sauran ne suka ɓata.

Shekarun da 'yan bindiga suka hana yankin Birnin Gwari sakat, makarantu da yawa sun rufe, ba wanda ke ta ganga. Ƙara mai ƙarfi ma gudu take sa mutane. Bayan sulhun Nuwamban 2024, da aka sake buɗe kasuwar kara ta Birnin Gwari, mutane sun fara komawa garuruwansu. Duk gangar da ta daɗe a sito, sai ka tarar ɓera ya riga yara kaɗa ta.

Don haka iyayen yara da 'yan kwamitin makaranta, idan an yi layya a ware fatar akuya ɗaya a kai wa mai ɗinkin ganga. Kuma don Allah a miƙa gangar ga ɗan gado.