Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Malam MBR, Alƙalin Rabon Faifai

Allah ya gafarta Malam,

Bayan gaisuwar girmamawa irin wadda ta cancanci dattijon da ya hau buzun shari'a tun shekarar 1983, zamanin PC DOS 2.0, lokacin da rumbun na'urar IBM bai wuce megabayit 10 ba, ina neman izini in gabatar da koken jama'ar da ke son zaunar da Windows da Linux a faifai guda, domin kowa ya zaɓi wanda zai tada idan ya kunna kwamfutarsa.

Amma ba'adu, babu mai musun zuhudunka, tun da majalisarka gaba ɗaya bayit 512 ce a bakin faifai, ka ware 446 domin umarnin tada na'ura, 2 domin hatimi, ka bar 64 kacal a matsayin littafin iyakoki. To da yake kowane fegi yana cin bayit 16, ko ɗan da bai gama haddace hisabi ba ya san layi huɗu ne a littafin nan, babu na biyar. A nan fitinar ta samo asali. A da, sau da yawa mutum yakan sayo kwamfuta ya tarar masu ƙira sun riga sun cinye layukan duka, ɗaya na tashin Windows, ɗaya na mazauninta, ɗaya na farfaɗo da ita idan ta kwanta, na huɗun kuwa na 'yan tarkacen kamfani, ta yadda ko da rabin faifan fili ne fetal, idan baƙo ya zo neman wurin kafa bukka sai ka girgiza rawani ka ce littafi ya cika.

Da al'amari ya tsananta, almajiranka suka ƙirƙiro wata hila wadda ko manyan fuƙaha'u sai sun jinjina mata, wato a sadaukar da layi ɗaya a kira shi faɗaɗɗen fegi, sannan a yanka ƙananan feguna a cikinsa, kowanne yana riƙe da adireshin na bayansa kamar silsilar isnadi, wadda idan mai ruwaya ɗaya ya faɗi a tsakiya, duk waɗanda ke bayansa sun zama majhulai. Linux, saboda ladabi, takan bar maka lambobi huɗun farko ko da babu kowa a kansu, ta fara ƙirga 'ya'yan hila daga sda5, shi ya sa sabon shiga yakan kwana yana cigiyar sda3 da sda4 alhali ba a taɓa haifarsu ba.

Ina ma Malam zai sauko ya ga ranar sake shata iyaka. Mai kwamfuta zai tada na'urarsa daga filashi, ya buɗe manhajar shata feguna ta GParted, ya matse fegin Windows daga dama, wanda wannan da sauƙi. Amma idan larura ta kai ga gusar da iyakar hagu ta wani fegi, wajibi ne a kwashe duk abin da ke cikinsa, a ɗauke shi tubali bayan tubali zuwa sabon wuri. Sai ka ga bawan Allah ya yi tagumi, ido ɗaya a kan layin da ke rarrafe a allo, ɗayan a kan ƙwan lantarki, bakinsa yana motsi da istigfari, domin ya san idan aka ɗauke wuta aiki yana tsakiya, kuma batir ya gaza, to hotunan suna da takardun makaranta sun tafi, sai fa idan ya yi hikimar kwafe su a wani faifan tun da farko.

Adalci ya wajabta in faɗa cewa ba kowace rigima ce daga gare ka ba. Masu hayar ma ba su da haƙuri da juna: Windows tana saita agogon na'ura a kan lokacin gari, Linux kuwa a kan lokacin Girinwic, don haka mutumin Kano ko Damagaram yakan tarar an yi masa giɓin sa'a guda duk sa'ad da ya sauya. Sai dai kai ma da naka, domin kujerar mai gabatarwa ɗaya ce tal a zaurenka, kuma duk lokacin da aka sake ɗora Windows takan tashi GRUB, mai gabatar da Linux, daga kujerar ba sallama, ta zauna, ta yi kamar ba ta taɓa jin labarin maƙwabciya ba, kai kuwa kana kallo ba ka ce uffan ba. Ga shi ƙirgenka yana tuƙewa a wajen terabayit 2, abin da ya haura nan ba ka san da shi ba. Ga shi littafinka kwafi ɗaya ne a duniya, ba na'ibi, ba shaida.

Saboda haka, cikin ladabi, muna roƙon Malam ya yi murabus. Magajinka GPT yana da layi 128 bisa al'ada, yana ajiye kwafin littafinsa a ƙarshen faifai, yana kuma auna shi da lissafi domin gano ko an yi masa tahrifi. Windows 11 kuwa, tun fitowarta a 2021, ta sharɗanta tsarin tada na'ura na UEFI, wanda da magajin naka yake hulɗa. Har takardar sallama an tanadar maka, sunanta MBR2GPT, ko da yake ita ma ba ta sa hannu sai feguna ba su wuce uku ba, kuma an warware hilar nan ta almajiranka.

Kada Malam ya ji tsoron tozarci, gama magajin ɗan halas ne: ya bar maka zaurenka na bayit 512 yadda yake, da aiki guda mai sauƙi, wato idan wata tsohuwar manhaja da ba ta san sabon alƙali ba ta leƙo da nufin yanka fili, ka shaida mata cewa faifan nan duka yana da mai shi. Albashi babu, amma rawani yana nan.

Haza wassalamu.

Naka mai biyayya,
Wani almajiri daga zauren masu gyaran kwamfuta