Ranar da na kori maigadi

Injiniya suke kirana a ofishin nan, ni kuma ban taɓa gyara musu ba, duk da cewa kwas ɗin wata uku kawai na yi.

Suwic uku ne a ginin, kowane bene ɗaya, an haɗa su da kebul kamar duwatsun murhu, kowanne yana riƙe da 'yan'uwansa biyu. Wannan zagayen shi ne abin tsoro, domin saƙon Ethernet ba shi da wa'adi. In ya samu hanya mai dawowa, zai yi ta kewayawa yana hayayyafa har kowa ya shaƙe. Maganin da Radia Perlman ta fito da shi a 1985, wato STP, shi ne na'urorin su naɗa sarki a tsakaninsu, sannan su rufe ƙofa ɗaya su ajiye ta don ranar tsiya.

Ni kuwa zuciyata ta ce asara ce kebul ya zauna ba ya aiki. Sai na ɗauko MSTP, wanda ke bari kowane rukunin VLAN ya samu tasa hanyar: VLAN 10 ta masu lissafin kuɗi ta bi dama, VLAN 20 ta sauran ma'aikata ta bi hagu. Sharaɗin shi ne abubuwa uku dole su zo ɗaya a kowane suwic: sunan yanki, lambar bita, da jadawalin rabon VLAN. Na rubuta, na adana, na tafi gida ina taƙama.

Washegari na tarar sarauta ta faɗa hannun wanda ban zata ba. Ban taɓa lambar fifiko ba, kowa yana kan 32768, sai aka koma ga adireshin MAC mafi ƙanƙanta. Mai shi kuwa tsohon suwic ne da ke kan kabad ɗin kicin, kusa da gwangwanin madara, ƙura ta yi masa rawani. Shi ne sarki. Ga kuma fitila ɗaya a bene na biyu ta ƙi zama kore, ta tsaya ruwan goro.

Yallaɓai ya leƙo. "Injiniya, wannan fa? Ta lalace ne?"

Da na ce ban sani ba, da an wuce wurin. Amma girman kai rawanin tsiya. Na ce, "Yanzu za ta gyaru, ranka ya daɗe." Na bi suwic ɗin uku ɗaya bayan ɗaya na kashe STP, maigadin namu, gaba ɗaya. Fitila ta koma kore shar. Na yi murmushi na kamar daƙiƙa goma.

Daga nan duk fitilun suka kama walƙiya tare, kamar motar ɗaukar amarya. Firinta ta yi shiru. Hajiya mai lissafi, wadda ke tsakiyar haɗa albashi, ta fito da takalmi ɗaya a ƙafa tana salati. Na yi ƙoƙarin shiga suwic in mayar da abin da na ɓata, ya ƙi ko amsa sallama, don guguwar ta cinye hanyar da zan bi. Kebul ɗin da ake jona shi kai-tsaye kuwa yana gida, cikin aljihun wata rigar.

Ina cikin gumi aka ɗauke wuta. Ban taɓa son duhu kamar ranar ba. Kafin janareta ya tashi suwic ɗin sun mutu, da ya tashi suka farfaɗo da saitin jiya, saboda a gaggawata ban adana ɓarnar ba. Fitilar ta dawo ruwan goro, albashi ya wuce.

Da dare na gano asalin cutar: a suwic biyu na rubuta Ofis, a na ukun ofis. Ƙaramin baƙi ɗaya ya sa suka ɗauke shi baƙo daga wani gari. Na gyara, na sauke fifikon na bene na ɗaya zuwa 4096, aka tuɓe tsohon kicin ba tare da rigima ba.

Da safe Yallaɓai ya dafa kafaɗata. "Sannu da ƙoƙari, Injiniya. Jiya me ya faru ne?"

Na ce, "Wallahi wutar nan tasu ce, ranka ya daɗe."