Gwanayen Kulki Na Kan Benci

Shagon askin da nake zuwa a unguwar Bronx bai da nisa da filin ƙungiyar besbol ta Yankees; in ka hau jirgin ƙasa mai lamba 4, kafin ka gama gyara zama ka iso titi na 161. Kujerun aski uku ne, benci ɗaya, sai talabijin da aka maƙala can sama kusa da rufi. Mai shagon ɗan zangon Kumasi ne, masu zaman bencin kuwa mu ne, direbobin tasi 'yan Nijar da Najeriya da Gana, da maƙwabtanmu 'yan Dominika waɗanda da besbol aka yanke musu cibiya. Wasa 162 kowace ƙungiya ke bugawa a kaka ɗaya. Ƙwallon ƙafa ko ba komai yakan ba ka hutun mako guda ka huce. Besbol kuwa gobe ma akwai, mutanen nan ma gobe suna nan.

Wanda ke fara buɗe baki kowace shekara shi ne Alhaji A-Kore-Shi. Ana wasa na huɗu, sanyi bai gama sakin gari ba, zai tura hula ƙeya ya ce, "Wallahi bana ma babu labari. A kore shi!" Ka ce wa za a kora, ya ce ko ma wane ne. A watan Yulin 2023 Allah ya karɓi addu'arsa, Yankees suka sallami kocin da ke koyar da bugu ana tsakiyar kaka. Ranar Alhaji har shayi ya saya wa kowa. Aka gama shekarar an ci 82 an faɗi 80, ko ƙofar wasannin Oktoba ba a leƙa ba. Da muka tuna masa, ko gezau. Ya ce, "Ai ni dama manajan nake nufi."

Kusa da shi Baba Na-Da ke zama. Shi duk abin da aka yi bayan tauraron Yankees Derek Jeter ya ajiye kulki a 2014 ba wasa ba ne, hayaniya ce. Agogon da aka sa wa masu jifa a 2023 ya rage kusan rabin sa'a daga tsawon wasa, kowa ya yi hamdala, Baba ya ce an mayar da abin kamar sallar matafiyi. Amma ban san zurfin ciwonsa ba sai Fabrairun 2025, lokacin da Yankees suka janye dokarsu ta kusan shekara hamsin suka bar 'yan wasa su tsayar da gemu. Baba ya yi ta salati yana cewa tarbiyya ta ƙare, yana faɗa yana shafa nasa gemun, wanda ya kusa taɓa maɓallin rigarsa na uku.

Akwai wani yaro da muke kira Akanta, ya karanta littafin Moneyball bai warke ba har yau. A doki ƙwallo ta faɗa hannun mai tsaron baya, kowa ya yi tsaki, shi sai ya ɗaga waya yana murna: gudunta ya kai mil 108 a sa'a, kusurwar tashinta daidai, a lissafi wannan bugu ne mai kyau. Tun da aka girka na'urorin Statcast a filaye a 2015 ba a taɓa cin ƙungiyar Akanta ba, rashin sa'a kawai take yi.

Duk waɗannan 'yan rakiya ne. Sarkin benci, wanda saboda shi nake jinkirta aski har sai kaina ya zama kamar sheƙar angulu, shi ne Malam Gwiwar-Hannu.

Ba ya shigowa sai da laima, ko da rana ake kamar ta fasa kai. Mun daɗe kafin mu gane ba don ruwa yake riƙe ta ba, kayan aiki ce. Zai zauna shiru kamar mutumin kirki har gwanin bugun Yankees, Aaron Judge, ya kai duka ya sami iska. Sai ka ji ya ja dogon numfashi, ya miƙe a hankali, ya ture ƙafafun mutane, ya tsaya tsakiyar shago ya ware ƙafa. "Kun ga abin da na gani? Gwiwar hannunsa ta faɗi. Tun jiya nake lura da ita." Judge ɗin nan shi ne ya fitar da ƙwallo waje sau 62 a 2022, ya goge tarihin Roger Maris da ya tsaya tun 1961. Malam ya san da haka. Ra'ayinsa shi ne da yaron ya ɗaga gwiwar hannu da ya yi 80.

Karatun nasa kuma ba ya zama wuri ɗaya. Ranar Litinin zai ce a sari ƙwallo daga sama kamar mai faskare. Ranar Laraba ya ga wani bidiyo cikin dare, sai ya dawo da cewa daga ƙasa ake ɗebo ta kamar mai kwasar tuwo. Ya ce a murza ƙafar baya kamar ana murƙushe kyankyaso. Bayan mako biyu ya ce wanda ya ƙirƙiro maganar murƙushe kyankyaso ya cuci yaran Amurka. Kowane darasi da gwaji yake zuwa, kuma laimar doguwa ce. Ta taɓa kwashe kwalbar man kitso daga kan kanta. Ta taɓa wucewa ta gefen kunnen wani bawan Allah ana tsakar gyara masa saje da aska, mai shago ya ce, "Malam, don girman Allah, ka bari in gama da kan mutum, sai ka ci gaba da Judge."

Wata rana ɗaya daga cikin 'yan Dominika, wanda ya yi wasan sosai da ƙuruciya, ya zaunar da shi ya yi masa lissafi cikin lalama. Tsakanin mai jifa da mai kulki ƙafa 60 ne da inci 6. Ƙwallon da aka sako da gudun mil 95 ba ta cika rabin daƙiƙa kafin ta iso, a ciki ne za ka gane ko miƙaƙƙiya ce ko mai lanƙwasa, ka yanke shawara, ka juya kulki. Shi ya sa wanda ya dace sau uku cikin goma gwani ake ce masa, kuma tun Ted Williams a 1941 babu wanda ya sake gama kaka da huɗu cikin goma. Malam ya saurara har ƙarshe yana gyaɗa kai, sannan ya ce, "Ka ga ni da kai magana ɗaya muke yi. Lokaci kaɗan ne, shi ya sa dole gwiwar ta kasance a sama tun farko."

A watan Maris na 2025, da Yankees suka fitar da ƙwallo waje sau tara a wasa ɗaya da Milwaukee, duniya ta ɗauki zancen sabon kulkin nan mai kumburarren ciki da wasunsu suka riƙe, Malam ya shigo yana sheƙi. Ai shi ya daɗe da wannan tunani, duk wanda ya taɓa riƙe taɓarya ya san inda nauyi ya kamata ya zauna. Akanta ya ce masa uku daga cikin taran Judge ne ya buga, kuma da tsohon kulkinsa. Malam ya ce, "To ranar ai ya ɗaga gwiwar."

Inda ba ƙasa nan ake gardamar kokawa, don haka muka haɗa baki muka kai shi inda akwai ƙasa: kejin gwaji, inda inji ke jefo ƙwallo. Muka zaɓar masa mai saurin yara. Ya sa kwalkwali, ya ɗaga gwiwar hannu har ta kusa rufe masa ido. Ƙwallo ashirin injin ya sako. Ɗaya ya taɓa, ita ma da gindin kulki, ta gangara ta tsaya gaban takalminsa. Ya fito yana share gumi ya ce injin ba ya jifa bisa ƙa'ida. Washegari da la'asar ga shi da laimarsa.

Sauran ba sa bukatar dogon bayani. Akwai Mai Ashirin-Da-Bakwai, wanda ko gaishe shi ka yi zai ce Yankees kofi 27 gare su. In ka ce na ƙarshen tun 2009 ne, sai ya tuna ya bar mota a inda ba a ajiyewa. Akwai ɗan Mets guda ɗaya tal, mai haƙurin maraya, wanda tun 1986 yake cewa baɗi. Da ƙungiyarsa ta ɗauke Juan Soto kan dala miliyan 765 ya yi mako yana tafiya kamar shi ya biya. Akwai ɗan Oktoba, ba a ganinsa sai ana wasannin ƙarshe, da sabuwar hula mai NY irin wadda ake tallanta a kasuwar Kwari, ya zauna ya tambaya, "Saura minti nawa a tashi?" Sai mu masu camfi. Ni dai a wasa na biyar na karawar cin kofi da Dodgers a 2024, muna gaba da ci 5 da nema, na tashi daga wurina na fita amsa waya. Ina dawowa ƙwallo ta suɓuce wa Judge, aka rama biyar ɗin a zagaye guda, aka ɗauke kofin a gidanmu. Ban gaya wa kowa ba sai yau.

Malam Gwiwar-Hannu ina yi masa dariya ne don Judge ba ya jinsa ta cikin talabijin. Akwai wanda ake ji, shi kam ba ya ba ni dariya. A filin yara na Macombs Dam, inda tsohon filin Yankees yake a da, za ka same shi ranar Asabar ya damƙe ragar waya da yatsu goma, ɗansa ɗan shekara tara yana riƙe da kulkin da ya fi hannunsa tsawo. "Ka matsa gaba! Ka ja baya! Ina idonka yake? Kuɗin da nake biya a banza!" Kocin yaran ya faɗa wa yaro abu ɗaya, uba ya kwatsa masa guda huɗu, yaro ya daina kallon mai jifa ya koma kallon raga. Ƙwallo uku ta wuce shi kulki na kafaɗa, ya juya yana jan ƙafa, hular kwano ta rufe masa fuska don kada a ga hawaye, uban kuma ya juyo gare mu yana neman shaida: "Kun gani ko? Ba ya jin magana." Mutumin da ko kejin gwaji bai taɓa shiga ba, balle ya san yadda ƙwallo ke zama ƙwayar gero idan ta nufo ka. Na taɓa ce masa, "Ɗan'uwa, ka bar yaro ya yi wasansa mana." Ya dube ni sama da ƙasa ya ce in ji da nawa.

Nawan kuwa ranar sau uku ya shiga, sau uku ya fito babu ko taɓawa. Na yi wa kaina alkawari ba zan ce komai ba, kuma na riƙe alkawarin tun daga filin har fitilar kan hanya ta biyu. Nan na dube shi ta madubi, yana baya yana shan lemonsa hankali kwance, na ce, "Abba, ba faɗa zan yi ba. Amma gwiwar hannun nan taka..."