Wai Talla Ma Aiki Ne?

Na ga ka yatsina fuska tun daga kan take. Saki ranka, malam, ba bashi na zo karɓa ba. Cewa kawai zan yi ɗanka, ko ƙaninka, ko kai kanka in har yanzu kana zaga ma'aikatu da takardu a ambulan mai ruwan ƙasa, za ka iya cin abinci da sana'ar talla. Ka ce me? Bayan shekara huɗu a jami'a, ban da watannin yajin aiki, sai a ɗora wa yaro faranti a ka? Subhanallahi! Wa ya ambaci faranti? Kai ka kawo shi. Amma tunda ka kawo, kada ka raina yarinyar da ke ɗauke da shi. Aji ya kamata a ce tana ciki, wannan babu gardama. Sai dai ta san ƙofar da ake sayen gyaɗa, ta san lokacin da 'yan majalisa ke gama cin tuwo bakinsu ya nemi abin taɓawa, ta kuma san wanda in an ba shi ɗanɗano zai saya da wanda ɗanɗanon ne abincinsa. Akwai masu digiri biyu da ba su kai nan ba.

Ka ce ai wannan ba sana'a ba ce, surutu ne, duk mai baki zai iya. To me ya sa gwamnati ta yi mata doka? A 1988 aka kafa hukumar APCON, a 2022 aka maye gurbinta da ARCON, aka ƙara mata haƙora. A doka sai ka yi rajista da ita kake amsa sunan ƙwararre a aikin talla, kuma tana da kwamitin da ke tace talla kafin a sake shi ga jama'a. Ka taɓa jin an kafa hukumar tace hirar da kuke yi a gindin bishiya? Tun 1928 aka kafa kamfanin West African Publicity don tallata kayan Turawa a Afirka ta Yamma, shi ne daga baya ya zama Lintas. Wato surutun nan ya girmi 'yancin Najeriya da shekara 32, kuma tun lokacin yake biyan mutane albashi.

Ka ce kaya mai kyau shi ke sayar da kansa. Kai, wannan magana tana da daɗi a baki! Tun 1886 ake sayar da Coca-Cola, kuma da wuya ka sami ƙauyen da ba a san jan tambarinta ba, amma har gobe kamfanin zuba kuɗi yake a talla. Kana ganin ba su da akawu ne? Sun san mutum mai mantuwa ne, sun san kullum ana haifar sabon mai ƙishirwa, sun san maƙwabci ba barci yake ba. Kakanninka ma sun ce in kana da kyau ka ƙara da wanka. Da su za ka yi musun, ba da ni ba.

Ka ce to ai ƙarya ce zalla. Na san wanda kake hangowa: mutumin nan mai lasifika a kan tsohuwar mota a bakin tasha, wanda kwalba ɗaya tasa ke maganin basir da shawara da ciwon baya da rashin ciniki. Yana tara jama'a, ban musa ba. Amma ka lura, mako mai zuwa wata tashar zai koma. Wanda yake son ka sayi sabulunsa yau, ka dawo gobe, ka aiko ɗanka jibi, ba shi da motar gudu, don haka dole bakinsa ya tsaya inda kayansa suka tsaya. Ga ARCON a gefe, ga NAFDAC da sai ta amince ake tallata magani, ga addini da ya hana ɓoye aibin haja. Akwai maƙaryata a sana'ar? Ƙwarai kuwa, kamar yadda suke a siyasa da dillancin filaye da neman aure, kuma ban ji ka ce a daina aure ba.

Yanzu mu zo lungun da na san nan ka ɓuya. Ka ce kai ba ka da baiwa. Ƙirƙira ai ta masu tara suma ce, masu zama su zuba wa rufin ɗaki ido har dabara ta faɗo musu. To saurara. A 1993 kamfanin Wonder Foods, wanda yanzu ake kira Promasidor, ya shigo kasuwa da madarar Cowbell. A lokacin madarar gari a gwangwani take, sai mai albashi. Mutanen nan ba da waƙa suka fara ba. Lura suka yi cewa talaka ba ƙin madara yake ba, kuɗin gwangwani ne ba ya haɗuwa masa a rana ɗaya, domin cefanensa na yini ne. Sai suka zuba ta a 'yar leda, daidai kofin shayi. Yau leƙa shagon unguwarku ka ga yadda madara da omo da tumatir suke reto a igiya. Ina wahayin a nan? Tsohuwar da ke ƙulla gishiri da kanwa da daddawa a zaure ta riga su sanin wannan da shekaru aru-aru. Bambancin kawai, wani ya tsaya ya kalle ta da idon basira, kai kuwa kullum wucewa kake kana neman canji.

Ƙara da wannan. Da wayar salula ta zo a 2001, da minti ake lissafin kira, naira 50. Ko sallama kawai ka yi layin ya yanke, kuɗin minti ya tafi. Babu wanda bai yi wannan gunaguni ba a gindin lemar masu sayar da kira. A 2003 Glo ta Mike Adenuga ta shigo da lissafin sakan-sakan, ba a jima ba sauran suka bi sahu. Gunagunin na kowa ne, kunne ne na mutum ɗaya.

Ka ce waɗannan ai dabarun kasuwa ne, ina tallan? Wayyo, ka fiye gaggawa. A watan Afrilu na 2013 hukumar NCC ta ba da damar mutum ya sauya kamfanin waya ba tare da ya rasa lambarsa ba. Gwada bayyana wa kawunka wannan a taƙaice ka ga yadda za ka yi gumi. Akwai ɗan wasan barkwanci Hafiz Oyetoro, wanda aka fi sani da Saka, da jama'a suka saba gani a tallan Etisalat mai launin kore. Kwatsam sai ga shi a tallan MTN, ya koma ruwan ɗorawa, yana tiƙar rawa. Ba lacca, ba dogon Turanci. Mutumin da kowa ya sani a wancan gida ya sauya sheƙa a gaban idonka, shi ke nan saƙo ya isa. Ba kyamara ce ta yi wannan aiki ba. Wani ne ya tambayi kansa abin da mai kallo ya riga ya sani, ya ɗora sabon abu a kai.

Nan ne sababbin shiga suke zamewa. Tallansu kamar saurayin da ya je zance ne ya kwashe dare yana lissafa kyawawan halayensa, bai ko tambayi yarinya yadda ta wuni ba. Mu ne na ɗaya, mu ne gagara-badau, an kafa mu shekara kaza. To Allah ya sanya albarka, ni mai saye ina ruwana? Faɗa mini abin da zai sauƙaƙa a rayuwata kafin in murɗa tashar.

Ka ce ba fannin ka karanta ba. David Ogilvy, wanda ake yi wa kirari da uban tallan zamani, bai ƙarasa karatunsa a Oxford ba. Ya yi kuku a wani otal a Faransa, ya yi yawon sayar da murhun AGA ƙofa-ƙofa a Birtaniya, ya yi aikin jin ra'ayin jama'a tare da George Gallup a Amurka, har noma ya taɓa, kafin ya buɗe kamfaninsa a 1948. Dubi jerin nan da kyau, rabinsa ƙwanƙwasa ƙofar mutane ne da sauraron abin da za su ce. Ka ce ai shi Bature ne? Na san za ka faɗa. To Steve Babaeko fa? A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ya karanta wasan kwaikwayo, kwas ɗin da in ɗanka ya zaɓa sai an kira taron dangi. A 2012 ya kafa kamfanin X3M Ideas a Legas, a 2023 kamfanin ya ciwo lambar tagulla a gasar Cannes Lions ta Faransa, inda manyan masu talla na duniya ke gwada ƙwanji. Ban ce ka yaga takardunka ba. In ka sami gurbi a sashen aikin jarida na Bayero ko na Zariya, shiga da gudu. Amma ranar neman aiki abin da za a ce maka shi ne nuna mana abin da ka taɓa yi.

Ka ce duk wannan harkar 'yan Legas ce. A nan kam ka kusa gaskiya, kada ka saba. Manyan kamfanonin talla can suke. Amma masu shan shayin da wankin da kiran wayar ba duka ne a Ikeja ba. Ka taɓa jin talla a rediyo da wata irin Hausa har ka duba ko batir ne ya yi sanyi? An rubuta shi ne da Turanci, aka miƙa wa wani ya juya cikin gaggawa, aka ba wanda bai taɓa cin tuwon dawa ba ya karanta. Kai dariya kake yi, ni kuwa gurbin aiki nake gani. Daga 1 ga Oktoba 2022 ARCON ta hana amfani da fuskoki da muryoyin 'yan ƙasashen waje a tallan da ake yi wa 'yan Najeriya. Ga gidajen rediyo, tun daga na Kaduna da ya fara a 1962 zuwa Freedom ta Kano da ta zo a 2003 da tarin waɗanda suka biyo baya, ga Arewa24 tun 2014, dukkansu da talla suke numfashi. Kuma tallan da aka yi da Hausa mai kyau ba ya tsayawa a Jibiya a duba masa fasfo, har Maraɗi da Damagaram ana jin sa.

To ta ina za a fara? Ka ce ba ka san kowa ba. Ƙarya kake, malam, ka san mai kilishi, ka san mai gidan burodi, ka san Hajiyar da ke haɗa humra da turaren wuta a bayan layinku. Zaɓi ɗaya. Zauna a wurinsa yini guda ka rufe bakinka, in zai rufu. Wa ke saye? Ƙarfe nawa? Me suke tambaya kafin su zaro kuɗi? Wa ya taya ya tafi, kuma me ya kore shi? Sannan ka rubuta tallan rediyo na sakan 30. Da ƙyar zai ɗauki kalma 70, a nan za ka gane cewa yanke magana ya fi tsawaita ta wuya. Dabarar farko da ta zo maka jefar da ita, domin ita ce ta zo wa kowa: ɗan fim riƙe da kwalba yana murmushi, sai wata murya ta rufe da sai an gwada akan san na ƙwarai. Haba! Karin maganar nan ta gaji, a bar ta ta huta. Rubuta goma, ka tsira da ɗaya.

Ka ce ba ka da kwamfuta? Me ke hannunka yanzu, faifan tuwo? Wayar da kake raba dare da ita a TikTok tana ɗaukar murya, tana ɗaukar hoto, Canva da CapCut suna hawa kanta. Yi aikin, a ɗora a WhatsApp da Facebook na mai kayan, sannan ka yi abin da masu son a yabe su ke gudu: ƙirga. Mutum nawa ke kira kafin tallan, nawa suka kira bayansa? Yabon abokai ba ya shiga aljihun mai kilishi. Aiki biyar irin wannan, kowanne da bayanin matsalar da ka tarar da abin da ya biyo baya, su ne kundin da za ka aza a teburin kamfani. Na farko da na biyu ka yi da sauƙi, daga na uku a yanke farashi tun kafin a fara, a kuma ba da kafin alƙalami.

In rubutu da zane ba su karɓe ka ba, ba a rufe ƙofa ba. Akwai mai binciken kasuwa, akwai mai zirga-zirga tsakanin kamfani da mai kaya, akwai mai sayen lokaci a rediyo da fili a allunan titi, wanda aikinsa lissafi ne da sanin cewa tallan kayan shayi a azumi gab da shan ruwa yake da daraja.

Saura gargaɗi, kada ka ce na ɓoye maka aibin hajata. Za ka kwana kana tsara abu mai kyau, Alhaji ya duba ya ce a ƙara girman hotonsa, a sa lambar waya huɗu, a ambaci reshen da ba a gama ginawa ba. Kuɗinsa ne. Koyon yadda za ka lallashe shi ya bar lamba ɗaya ba tare da ya ji an raina shi ba, shi ma cikin karatun yake, kuma ba a jami'a ake bayar da shi ba.

Ka ce sai bayan Salla za ka fara? Madalla, ka yi dace. Lokacin ne keken telan unguwarku ke yin shiru, shi kuma yana zaune yana korar ƙuda. Je ka same shi da biro da takarda. Kada ka fara da tambayar nawa zai biya ka. Tambaye shi wa ya daina kawo masa ɗinki, kuma me ya sa.