Kaka, A Taimaka Da Yaji

Zuwa ga uwargidana, Hajiya Kaka,

Ya ƙarfin jiki, ya ciwon gwiwa? Na san Auta ce za ta karanta miki takardar nan, to ki ja mata kunne kada ta tsallake ko layi ɗaya. An ce kin sa a bincika ko na yi miki kishiya Baturiya a Birmingham. Kwantar da hankalinki. Matar da za ta ajiye mini abinci ta ce in sa gishiri da kaina, ina za ta kama ƙafarki?

Maganar gishirin nan ce ma ta sa na ɗauki biro. A ƙasar nan, in ka shiga gidan abinci, tun ba a kawo maka komai ba za ka tarar da kwalabe a tsakiyar tebur, an shirya su reras kamar jeren amarya. Ga ta gishiri, ga ta masoro, ga wata ja, ga wata mai ruwan ƙasa, ga ta ruwan khal. Dalili kuwa, mai girki a nan ba ya ƙarasa aikinsa. Ya dafa dankali da ruwa zalla, ya dafa karas da ruwa zalla, ya miƙo maka, sauran kuma kai da halinka. Har akwai masu barbaɗa gishiri tun ba su kai loma baki ba, mai abincin yana kallo, ko a jikinsa. Ki tuna abin da ya sami Kawu ranar da ya ce miyar kukarki ta yi salam. Har yau in ya zo gidan sai ya yabi gishirin kafin ya wanke hannu.

Jar kwalbar nan ita ce sarauniyar tebur. Sunanta kecap, kuma wadda aka fi ji da ita ta kamfanin Heinz ce, na Amurka, wanda ya fara yin ta tun 1876. Tumatir ne aka haɗa da sukari da khal. Ba a soya shi ba, ba mai, ba attaruhu, kuma da sanyinsa ake ci. Miyar tumatir da sukari fa, Kaka! In kwalbar ta gilas ce, ba ta zubowa ta daɗin rai. Sai ki ga dattijo da furfurarsa, da taye a wuya, ya kifa kwalba yana ta dukan ƙasanta yana huci. Ta ƙi, ta ƙi, can sai ta amayo rabin cikinta a faranti gaba ɗaya. Shi kuma ya ci abinsa a haka, don ba a mayarwa.

Mai ruwan ƙasar ita ta fi ba ni dariya. HP ake ce mata, a jikin kwalbar an zana ginin majalisar dokokinsu ta Landan har da dogon agogon nan. Da ƙwai da wake da tsiran-alade-ko-na-sa ake cin ta da safe. Ni dai nawa na wajen masu halal nake saye, kada ki tada hankalin Malam. Na juya kwalbar na karanta kayan haɗin, sai ga tsamiya, sai ga dabino. Tsamiyar nan dai da kike jiƙawa ki dama mana kunu, da dabinon buɗe-baki, su ne suka sha kwalba suka zama abin alfaharin Ingila. A nan garin ma ake yin ta da, a unguwar Aston, har zuwa 2007 da aka rufe masana'antar aka mai da aikin Holan. Tsofaffin garin har yanzu ba su huce ba. Majalisa dai tana nan a jikin kwalba, amma daga ƙetare take zuwa, irina.

Khal ɗin kuwa na kifi da soyayyen dankali ne. Mai shago ba zai naɗe maka ba sai ya tambaya ko a sa gishiri da khal. Ka ce e, ya tsiyaya ruwan tsami a kan abin da ya sha wahalar soyawa har ya yi ƙarau, nan take ya yi laɓas. Wasu ƙananan hukumomi a arewacin ƙasar sun taɓa ganin gishirin ya yi yawa, suka raba wa masu shaguna mazubi mai huda 5 a madadin mai huda 17. Hukuma ta kai har ƙirga hujin gwangwanin gishiri! A ganina dai mutane sun ƙara daɗewa wajen girgizawa ne kawai.

Kada ki ce ba su da abu mai zafi. Suna da guda ɗaya, mastad, rawaya shar, na Colman's da aka fara tun 1814 a wajen garin Norwich. Akwai wani Bazazzagi da muke aiki tare, ya ga rawaya ya ɗauka abin kirki ne, ya cika cokali ya kai baki. Kin san Zagezagi da gaggawa. Abin bai tsaya a harshe ba, ta hanci ya bi ya haye ƙwaƙwalwa. Bawan Allah ya miƙe tsaye, hawaye shaɓe-shaɓe, yana salati da ƙarfi, Turawa na tambayar ko a kira motar asibiti. Kafin a kawo ruwa zafin ya wuce, ba gumi, ba santi, ba komai. Zafin da ba zai raka mutum har ƙarshen kwano ba, ni ban sa shi a lissafi ba.

Masu rufa mana asiri su ne baƙi 'yan'uwanmu. 'Yan Pakistan na titin Ladypool suna ajiye mangwaro da aka dafa da sukari, da lemon tsami da aka tsuma cikin gishiri da barkono, wannan kam yana tada matacce. Somaliyawa na titin Coventry suna da wani koren barkono niƙaƙƙe da ke sa mutum share goshi, Allah ya saka musu. Sai dai su kuma ayaba suke ajiye maka a gefen shinkafa da nama, wai tare ake ci. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Attaruhu akwai shi a kasuwar Bull Ring, citta da kanumfari ma ba sa wuya. Abin da babu shi ne hannunki, da ƙuli-ƙulin kirki, da turmi. Ɗakina a bene yake, in na ce zan yi daka, kafin in kai taɓarya ta uku maƙwabcin ƙasa ya kira 'yan sanda. Ɗan guntun yajin da kika ƙullo mini shi nake yawo da shi a aljihu, in faki idon ma'aikata in barbaɗa. Ba na kuma sam wa kowa sai na tambaya, domin a nan gyada tana kwantar da wasu a asibiti, ba wasa ba. Tana cikin abubuwa 14 da doka ta ce dole mai sayar da abinci ya sanar in akwai su a girkinsa. Ga shi guntun ya kusa ƙarewa, har na fara kakkaɓe leda.

Saboda haka, ranki ya daɗe, ki sa a daka mini mudu guda, irin na ɗanwake, a cika kimba da citta, kada a yi rowar barkono. A zuba a roba mai murfi a rubuta suna a jiki, don jar hoda a ƙullin leda tana jawo dogon bayani a filin jirgi. Kilishi da man shanu kuwa kada ma a fara, an hana shigowa da nama da kayan nono, ƙwacewa za su yi. Ɗan maƙwabcinku mai karatu a nan zai dawo bayan Sallah, a ba shi, amma a auna a gabansa.

Ki gaida Kawu da duk mutanen gida. In yaji bai iso ba, to maganar Baturiyar nan zan sake dubawa.

Naki har kullum,
Maigidanki na Ingila