Yadda Ake Gasa Albasa a Foyil Har Maƙwabta Su Yi Sallama

Uwargida, kullum albasa ake fara jefawa a mai, ita ce kuma ake mantawa da ita idan an zo yabon miya. Nama ya sha kirari, kifi ya sha, ita kuwa ko sannu. Yau za mu biya ta haƙƙinta: za a gasa ta ita kaɗai a takardar foyil, ta zauna a tsakiyar faranti. Ga matakan da za ki bi.

Na farko, ki san darajar abin da kike yagowa. Foyil ƙarfen alminiyon ne da aka murje har ya fi gashin kai siranta, kuma akwai lokacin da ƙarfen nan ya fi zinariya tsada. Ko a 1884, da Amurkawa suka so ƙawata hasumiyar tunawa da Washington, ɗan curin alminiyon suka ɗora mata a ƙoli. Sai a 1886 wasu samari biyu, Charles Martin Hall a Amurka da Paul Héroult a Faransa, kowa a gefensa, suka gano yadda ake tace shi da lantarki, farashinsa ya faɗi warwas. A 1910 kamfanin su Robert Victor Neher a Suwizalan ya fara murza shi ya zama takarda, a 1911 aka fara naɗe cakulan Toblerone da ita. Kafin nan takardar kuza ake amfani da ita, irin ma'adinin da ake haƙa a Jos, sai dai tana barin ɗanɗanon ƙarfe a abinci. A 1947 Reynolds Wrap ya shigar da foyil ɗakunan girkin Amurka. Don haka in za ki yaga, ki yaga da girmamawa.

Na biyu, ki zaɓi albasa mai mutunci. Ki nemi babba, mai tauri, mai busasshen wuya, irin ja ta Galmi ko ta Aliero. Wadda ta fara tsiro ta riga ta yanke shawarar komawa gona, ki ƙyale ta.

Na uku, yanka. Ki ɓare ɓawon, ki fille kan, amma ki bar gindin don shi ke riƙe zumuncin. Ki tsaga ta gida huɗu daga sama, kada wuƙa ta kai ƙasa. In hawaye ya zubo, ki bar shi ya zuba. Shi ne na ƙarshe, domin zafin wuta yana kashe sinadarin da ke sa ido yaji.

Na huɗu, ki cika mata ciki. Cokali guda na man shanu, ɗan gishiri, tafarnuwa dakakkiya, masoro, sai yajin ƙuli in kina son ƙamshin teburin mai tsire. Lemun tsami da tumatir su jira a waje. Tsami yana cin alminiyon, har ya huda takardar, ya sa abinci ɗanɗanon ƙarfe. Sai an sauke za ki matsa lemunki.

Na biyar, lulluɓi. Ki naɗe ta kamar amaryar da za a kai ɗakin miji, ninki biyu, ki murɗe bakin daga sama yadda tururi ba zai sami ƙofar fita ba. A nan ne facalarki za ta leƙo ta ce gefe mai sheƙi ne ke shiga ciki, yayarki kuma ta rantse gefe mai dishi-dishi ne. Ki ba su kujera su huta. A murzawar ƙarshe, injin yana haɗa falle biyu ne saboda siranta. Gefen da ya taɓa ƙarfen murza ya yi sheƙi, gefen da ya taɓa ɗan'uwansa ya dusashe. Ga albasa duk ɗaya ne.

Na shida, wuta. Ki bari harshen wuta ya kwanta, gawayi ya zama jan garwashi mai lulluɓe da farar toka, sannan ki tura ƙunshin a gefen kurfoti. Ki riƙa juya shi lokaci-lokaci, na tsawon minti 45 zuwa awa guda gwargwadon girman albasar. Mai obin ta sa zafi a digiri 200. Amma ko da wasa kada foyil ya shiga maikurowef, tartsatsin wuta yake yi.

Na bakwai, haƙuri. Kada ki buɗe kina leƙe, duk buɗewa tururi kike kora. Wajen minti talatin ƙamshi zai haura katanga, ki ji sallama daga maƙwabciyar da ta zo "aron ashana". Shi ya sa mai hankali ba ta gasa ƙasa da guda shida.

Na takwas, buɗewa. Ki matsa ƙunshin da cokali. In ya lotsa, ta nuna. Ki kawar da fuskarki daga tururin, ki warware a hankali. Za ki tarar ta buɗe falle-falle, ta yi laushi lugub, gindinta ya yi ruwan zuma, man shanu ya taru a ƙasa yana ɓararraka. An ce albasa ba ta yi halin ruwa ba, to a wuta halinta na kirki ke fitowa, domin zafi yana korar yajin ya bar zaƙin da ke ɓoye a jikinta. Ki ci da gurasa, ko burodi, ko dafaffiyar doya, romon kuma a dangwale shi tas.

Na ƙarshe, kada ki wurgar da takardar a kwata. Ba ta ruɓewa kamar ganye, kuma narkar da tsohon alminiyon kusan kashi 5 cikin 100 kawai yake ci na makamashin da ake ƙonawa wajen tace sabo. Ki goge ta, ki dunƙule, ki tara wa 'yan gwangwan.

To uwargida, daren yau ki hura gawayi, ki ware albasa shida, ki kuma aika wa maƙwabciya nata kafin ta yi sallama.